Makon da 'yata ta zama mai natsuwa

Ko na tsufa na fara manta inda na ajiye carbina, ba na jin zan manta makon da aka ɗaura wa 'yata na'urar auna motsi.

Lokacin muna zaune a Tudun Ƙofa, ni kuma ina aiki a Abuja, in fita da sassafe in dawo gab da magariba. Yarinyar tana 'yar shekara huɗu, kuma surukata ce ke riƙe ta in ta taso daga makaranta. Duk unguwa an san ta da ƙiriniya. Ta hau katanga, ta bi akuyar maƙwabta har bakin titi, ta taɓa faɗawa cikin baho saboda bin ƙadangare.

Wata rana wasu masu bincike suka zo makarantarsu suka tara mu iyaye. Shugabarsu, wata mata mai fara'a, ta nuna mana wani ɗan abu kamar kwalin ashana da ake ɗaurawa a ƙugu da bel. Ta ce yana auna yawan motsin yaro, suna so su san ko yaran yanzu suna wasa isasshe. Ta roƙe mu mu bar su su yi rayuwarsu yadda suka saba. Na amince. A gida na ce wa surukata, "Inna, wannan abin motsinta yake aunawa, kada a cire sai za ta yi wanka." Ta ce to.

Bayan an karɓi na'urorin, sai ga waya daga shugabar ina ofis. Muryarta a sanyaye. Ta ce, "Madam, ba na so in tayar miki da hankali, amma da rana 'yarki kusan ba ta motsi. Tana yawan gajiya ne? Da kin kai ta likita ya duba."

Na yi dariya na ce sun haɗa ta da wata. Ta ce sun sake dubawa, ita ce. Nan na tuna a kwanakin ba na tarar da ƙura a ƙafarta. Washegari na ɗauki hutu, muka wuni a layin asibiti. Aka ɗebi jininta tana tsala ihu, ni ma ina share hawaye. Likita ya ce lafiyarta ƙalau, ya faɗi haka ne kuwa yana ƙwace abin awonsa daga hannunta.

Muka dawo na zube a tabarma ina ba Inna labari. Sai na ga tana murmushi.

"Ashe ta ci," in ji ta.

"Ta ci me, Inna?"

"Jarrabawar mana. Ke kika ce motsinta ake aunawa. So kike a kai sunan jikata wurin hukuma a ce ba ta da tarbiyya?"

Ashe tun ranar farko, da yarinya ta dawo, Inna take zaunar da ita. Yau kitso, gobe a tsefe a sake wani. Ta sa mata lalle hannu da ƙafa don kada ta tashi. Ta sayi fura da nono wurin Bafulatanar da ke kawo mana, ta yi ta ba ta har barci ya kwashe ta. Tatsuniya kuwa har da rana tsaka, abin da ita kanta take hana mu.

Ban gama haɗiye wannan ba sai maƙwabciyarmu, Maman 'yan biyu, ta leƙo da kayan cocinta a jiki. Ta ce, "Ai mun gode wa Mama. Da ba ta faɗa mana ba, da yaran nan sun kunyata mu." Inna ta bi gida-gida ta gargaɗi duk wanda aka ɗaura wa ɗansa abin. Yaran layinmu gaba ɗaya sun yi mako a zaune kamar amare.

Suruka ce, ba dama in ɗaga murya. Na shiga ɗaki na kira shugabar na faɗa mata. Ta ce dama tana ta mamakin unguwarmu, yanzu aikinsu na nan ya tashi a banza. Ta tambaya ko za a sake. Da na gaya wa Inna, cewa ta yi, "Wanda ya ci jarrabawa ba ya maimaitawa." Ba a sake ba.

Har yau in na tuna allurar da aka soka wa yarinyar nan ba gaira ba dalili, raina yana ɓaci. Amma na koyi abu guda: mutum in ya san ana auna shi, ba halinsa za ka gani ba, kwalliyarsa za ka gani. Kuma duk bayanin da za a yi a kan yaro, a yi wa wanda yake wuni da shi.