Faifan da Aka Ɗinke da Fata

Baba ya sayi kwamfutar ne a hannun wani mai shagon buga takardu a Wurno, shekarar da ya yi ritaya daga koyar da Arabiyya a firamare. Tun a lokacin ta tsufa. Allonta da ƙusumbi a baya, in an kunna ta kuma sai ta yi ta gurnani kamar injin ban ruwa. Da yatsu biyu ya koyi bugu, da su ya shiga rubuta tarihin gidanmu da ajami: wa ya fito daga ina, wa ya haƙa rijiyar ƙofar gida, wa ya tafi Makka da ƙafa bai dawo ba.

A cikin littafin akwai babi guda a kan Inna. Ta rasu ina goye, ba ta bar hoto ba, kuma a gidanmu ba a zancenta, don Baba mutumin da ne, ba ya faɗar sunan matarsa ko bayan ranta. Ni babin nan kawai nake so. Duk sanda na zo daga Rabah, inda nake aure nake kuma koyar da kwamfuta, sai na roƙe shi in leƙa.

"Ba a karanta littahi sai mai shi ya ce ya ƙare," in ji shi. "Ba a kwahe shi kuma."

Ana nan sai faifan ajiyar ya cika. Tsohuwar babbar manhajar da ke tuƙa na'urar kuwa ba ta san waya ba, ba ta san firintocin yanzu ba. Na so in goge ta in sa sabuwa, amma manhajar da Baba ke rubuta ajami da ita ba ta aiki sai a kan tsohuwar. Saboda haka na samo wani faifan a Sakkwato, na hannu shi ma, ɗan ƙarfe kamar sabulun wanki. Wata Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma, na kwance murfin akwatin da sukundireba. Na fara fitar da gidan zanzaro guda biyu.

Waya guda ce mai faɗi take haɗa faifan biyu, kuma dole a nuna wa na'urar wane ne babba, wane ne ƙarami. Da wani ɗan roba ake yi, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya faɗi ƙasa sau uku. A na ukun kaza ta riga ni, sai da na bi ta har gindin turmi tana gudu ina zaginta. Baba yana kan buzu yana kallo, na gaya masa sabon faifan zan mai da babba.

"Baƙo ya zo yau, yau ɗin anka ba shi girma?"

Na ce haka aikin yake. Na ɗora sabuwar manhaja a kan sabon faifan, na bar tsohon yadda yake. Daga ranar, in an kunna na'urar sai ta tsaya ta yi tambaya: layi na sama sabuwa, na ƙasa tsohuwa. Baba bai taɓa zaɓar na sama ba. Ni ce nake shiga can in na zo, in yi aikin makaranta. Da na so, a minti biyu na kwafe littafin yana masallaci. Sau biyu hannuna ya kai, na ji kunya na fasa. Har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Baba ya rasu da damina, littafin bai ƙare ba. Mu biyu ya bari, ni da Yaya, wanda ke noman albasa a Goronyo. Da aka zo rabon kayan ɗaki aka ce kwamfuta tawa ce, tunda ni na san kanta. Yaya ya tambaye ni a ina rubutun Baba yake zaune a ciki. Ni da bakina na buɗe murfi na nuna masa. Na koma Rabah in nemo motar da za ta ɗauko min ita.

Bayan kwana huɗu na jona ta a ɗakina. Ta yi tambayarta, na zaɓi layin ƙasa. Sai ta ce ba ta ga faifan ba. Na buɗe murfi, ga waya tana reto, ga gurbi wayam. Har sukurori huɗun da suka riƙe shi an jera min su a ƙasan akwatin, tsaf.

Washegari na hau mota sai Goronyo. Na iske Yaya a zaure yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Ko gaisuwa ban gama ba.

"Yaya, ina ƙarhen da kac cire?"

Ya nuna bango da haɓa. A jikin ƙusa, kusa da gafakar Alƙur'ani, ga wani abu a rataye cikin jar fata, an yi masa ɗinki mai kyau har da tuntu. Ya kai wa baduku ne, kamar yadda ake yi wa rubutun iyaye in akwai ayoyi a ciki.

"Rubutun Baba na," ya ce. "Ba ni barin shi cikin akwatin da zanzaro ka gini."

Na yi salati. Na ce wannan ba laya ba ce, faifai ne, ba a karanta shi sai an jona shi da wuta. Na ce Allah kaɗai ya san inda basillar baduku ta bi. Na ce zafin zauren nan ma ya isa ya kashe shi. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba, na ja tsaki mai tsawo. Akwai reza a cikin jakata, na yi niyyar farke ɗinkin nan take.

Ya bar ni na gama. Sannan ya tambaya, in an farke an jona, tabbas zai tashi? Na ce ban sani ba. Gaskiya ke nan, faifan ya girmi wasu malaman makarantarmu.

"To yanzu dut abin da yar rubuta shina ciki," ya ce. "In kin hwarke yaƙ ƙi tashi, babu shi ke nan. Ni nas sa Inna cikin ƙasa, ni nas sa Baba. Ba ni iya na ukku."

Na zauna a kan buhu. Idona ya cika, na ce masa ni ba tarihin rijiya ya dame ni ba. Babin Inna nake so, ban san ko kamanninta ba.

Yaya ya jefa albasa guda cikin kwando, ya ɗauki wata ya juya ta.

"Ai sai ki tambaya. Gajera ta, baƙa, ga hushi kusa. Tsakin ga da kinka yi ɗazu, nata na. Sai da nij juya in gani ko ita ta shigo."

Shekarunmu nawa tare da Yaya, ban taɓa tambayarsa ba. Na jawo kwandon kusa da ni, na ce ya ci gaba.