Neman Faifan Inna

Mun tashi daga Tudun Wadan Zariya ranar Talata ana idar da sallar asuba, ni da gwaggona, ƙanwar mahaifina. Ku ƙawayena da muka yi zaman aji ɗaya, na yi muku alkawarin labarin hutun makarantar nan, to ga shi. Sai dai ba yawon buɗe ido muka je ba, faifan garmaho muka tafi nema, guda ɗaya tak.

Ga yadda abin yake. Innata ta rasu ina goye, ban san kamanninta ba balle muryarta. Kafin Baba ya aure ta 'yar amshi ce a wurin wani mai goge, har aka ɗauki waƙarsu ɗaya a faifai. A gidanmu ba a tayar da zancen, don dangi ba su so a ce an auro mawaƙiya. Da ta rasu Baba ya kasa sauraren faifan, ya haɗa shi da garmahon ya ba wani amininsa, dillalin shanu a Kudan. Baba mahauci ne, mutum mai raha da hayaniya, amma tun da idonsa ya tafi bara ya shige ɗaki. Ko zaure ya daina fitowa, abinci ma sai an yi ta lallashi. Ran nan na kai masa koko, ya ture kwanon ya kira ni da sunan da yake kirana tun da na fara koyarwa, ya ce, "Malama, da zan ƙara jin muryar uwarki sau ɗaya, da ba ni da sauran buri." Ni kuwa kun san ni, in ba kiɗan zamani da ake sawa a rediyo tun da aka sami mulkin kai ba, ba na saurare. Goge a wurina kayan tsofaffi ne. Amma ranar na tsorata da ramar da na gani a wuyansa.

Lorin da muka shiga gishiri ya ɗauko da garwayen kananzir, mu mutane ƙari ne kawai. Direba ya ce sule biyu kowa. Gwaggo ta ce ai ita ba buhu ba ce da za a yi mata farashin kaya, ta yi ta ja har ya rage mata sisi don ya huta. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, hanya duk kwazazzabai, muna tafe muna gware da juna. Duk ramin da muka faɗa sai Gwaggo ta yi salati, ta kuma tambayi direba ko a makarantar jakuna ya koyi tuƙi.

Kudan ƙasar rake ce. Tun daga nesa za ka ga fadamu kore shar, ga hayaƙi yana tashi inda ake dafa mazarƙwaila. Mun tsaya kallon wani wurin matsa: doki yana zagaye yana juya injin, samari suna cusa rake, ruwan yana zuba a garwa. Aka ba mu mazarƙwaila mai ɗumi, wadda ba ta gama daskarewa ba, ban taɓa shan irinta a Zariya ba. Ina cikin lasar yatsu sai na ga Gwaggo ta yi tsaye cak. Samarin nan waƙa suke yi suna aiki, ɗaya yana bayarwa saura suna amsawa, wai wani ango ne ya sayi keke don burge amarya alhali bai iya hawa ba, kullum sai ya tura abinsa zuwa kasuwa. Amshin kuwa shi ne, "Tura shi, ango, hawa sai gobe." Gwaggo ta ce da ni, "Ke 'yar boko, buɗe kunnenki. Waƙar da muka zo nema ke nan." Babu ko ɗaya cikin samarin da aka haifa lokacin da aka yi ta.

Aminin Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Matarsa ta karɓe mu hannu biyu, ta yi mana dambu da zogale, suka yi ta koke-koken tuna baya ita da Gwaggo. Ta ce a gidansu garin ya koyi waƙar, don shekaru aka yi ana taruwa a ƙofar gida ana saurare. Amma garmahon da faifan ba sa nan, an sa su cikin kayan ɗakin 'yarta da aka kai Makarfi. A nan muka kwana.

Laraba muka shiga Makarfi, ranar kasuwa. Na sha jin labarin kasuwar amma gani ya fi: shanu a gefe guda har ido ya gaji, lodin rake a wani gefen za a yi kudu da shi, ga tattasai da albasa tuli-tuli. Mun ci waina da miyar taushe a wurin wata mata mai fara'a, ta kwabo uku ta ishe mu mu biyu har Gwaggo ta ƙulle saura a gefen zane. Da ƙyar muka gano gidan 'yar dillalin. Muna faɗin abin da ya kawo mu ta tafa hannu, ta ce maigidanta ya musanya garmahon, har faifan, da rediyo mai batir wurin wani tela na Paki, tana wankan jego ba ta gida. "Wallahi, Gwaggo, har yau ban huce ba," in ji ta. "Rediyon nan abin da ya ga dama yake faɗa. Shi kuwa garmaho, abin da kika ce ya yi shi zai yi." Mijin yana zaure yana jin mu.

Gaskiya a nan na fara fid da rai. Faifai abu ne mai fashewa, ga shi ya bi hannu uku. Na riƙa tuna Baba zaune a bakin gado yana jiran sallamarmu. Alhamis muka kama hanyar Ikara a cikin wani lori, kusa da wata tsohuwa 'yar Nasarawan Doya da ta cika mana cinya da dafaffiyar gyaɗa, ta ƙi karɓar ko godiya. A Ikara muka sauka wurin wata malamar makaranta, Kirista 'yar kudancin Zariya, wadda muka yi kwas tare. Da na ba ta labari dariya ta yi, ta ce ai 'yan ajinta da waƙar nan suke share filin makaranta, ita ta zaci ma sabuwa ce. Ta ce kowa ya san telan Paki, kuma mun yi sa'a, ranar Juma'a kaɗai yake sa faifan, bayan la'asar.

Paki gari ne na manoma, dawa ta sunkuya a gonaki ana shirin girbi. Telan, Malam Ɗanlami, siririn mutum ne mai magana a hankali. Gwaggo ta hana ni faɗin ko mu su wane ne, wai in ya san muna so zai ɓoye, don haka muka ce mu baƙi ne masu son ji. Ya shimfiɗa mana tabarma a bakin zaure. Ya fito da garmahon a naɗe cikin tsohon bargo, ya goge shi, sannan ya ɗauko faifan daga cikin akwatin katako da ya yi wa shimfiɗar auduga. Na hango tsaga a gefensa, tsawon ɗan yatsa. Ya ce tun kafin ya zo hannunsa ya tsage, saboda haka baitin farko ya tafi, daga gaban tsagar yake farawa. Abin da ya fi ba ni mamaki allurar. Ba ta ƙarfe yake sawa ba, ƙayar aduwa ce yake fiƙewa da reza. "Ta ƙarfe cin faifai take yi, Malama," ya ce da ni. "Ita ƙaya ita ke cinyewa, faifan ya huta. Sauti ba ya kai na ƙarfe ƙara, amma in mutane suka yi shiru ai za su ji." Kowane sawa da sabuwar ƙaya, kuma sau ɗaya yake sawa a mako, sai ko in ana biki.

Kafin a ce haka ƙofar shagon ta cika. Dattawa a kan buzaye sun dawo daga masallaci, samari masu tsukakken wando sun jingina da kekunansu, ɗaya ma da rediyo a rataye ya kashe shi da kansa. 'Yan mata sun sauke farantan talla, matan aure kuma ana jin motsinsu a bayan zana. Malam Ɗanlami ya wana hannun garmahon, ya ɗora ƙayar.

Na ce muku ba na son goge. To na janye. Mai gogen nan yana ja kamar yana yi wa mutum magana a kunne, ga kiɗan ƙwarya yana tafe a ƙasa ba gaggawa, ga muryarsa mai zolaya, kai ka ce ya san angon da kekensa. Mata uku ke amshi. Na kasa kunne sosai, don ban san wacce ce tawa a cikinsu ba. Can tsakiyar waƙa sai na ga kowa ya gyara zama, wani dattijo mai farin gemu ya ɗaga yatsa sama yana murmushi, 'yan mata suna taɓa juna. Mawaƙin ya kai inda angon ya gwada hawa ya faɗa cikin kwandon tumatir, sai gari ya kece da dariya baki ɗaya, tsoho da yaro, har da guɗa daga bayan zana. Ban ji komai daga faifan ba. Sai dai na ji Gwaggo ta damƙe mini hannu, hawaye yana bin fuskarta.

Da aka gama na tambayi telan me ake jira a wurin nan. Ya ce ɗaya daga cikin 'yan amshin ce dariya ta ƙwace mata, ta kasa amsawa, aka ɗauka haka nan. "Mai Dariya muke ce mata. Duk don ita ake zuwa." Gwaggo da ta ce a ɓoye, ita ta fasa. Ta miƙe ta ce da ƙarfi, "Matar yayana ce! Ga 'yarta nan, ba ta taɓa jin muryarta ba!"

Malam Ɗanlami ya ɗauko wata ƙayar ya fiƙe, ya karya dokarsa. Wannan karon ko tari babu wanda ya yi. Da aka zo wurin na ji ta: ta fara amshin, ta kai "tura shi", sai muryar ta karye, dariya ta zubo, siririya, mai ɗan shaƙewa a ƙarshe, ta yarinyar da ba ta kai shekaruna na yanzu ba. Ban san sanda na durƙushe ba. Na yi kuka a gaban mutanen da ban sani ba, ban kuma ji kunya ba.

Da Gwaggo ta ba shi labarin Baba, telan ya mayar da faifan akwatinsa, ya ɗaure da tsumma, ya miƙo mini da hannu biyu. "Naku ne, Malama. Ajiya muka yi." Dattijon nan mai farin gemu ya ce haka ne, a gaida maigida, Allah ya ba shi lafiya. Babu wanda ya yi musu. Amma na ga samarin sun sunkuyar da kai, na kuma ji wata daga cikin 'yan matan tana raɗa wa ƙawarta, "To bikina fa?" Na dubi akwatin, na tuna tsagar, na tuna ramukan hanya. Ko da ya isa Zariya lafiya, a ɗaki ɗaya zai ƙare, wurin mutum ɗaya. Na mayar masa. Na ce a ci gaba da ajiya.

Gwaggo ba ta yi mini magana ba daga Paki har Ikara. Asabar a cikin lorin Zariya ta buɗe baki, ta ce kwana biyar muna cin wahala na zubar da abin a ƙofar tela, in yayanta ya mutu da baƙin ciki ni na sani. Ni ma abin da nake tsoro ke nan. Abin da na iya gaya wa kaina kawai shi ne, na tafi ina ganin tsohuwar waƙa ta tsofaffi ce, na tarar matasa sun fi kowa riƙe ta, kuma matar da danginmu ke jin nauyin ambaton sana'arta, garuruwa uku suna rayuwa da waƙarta.

Mun iso gida da azahar. Baba yana jin sallamarmu ya ce, "Kun samo?" Na durƙusa na gaya masa komai, ban rage ba, har mayarwar da na yi. Gwaggo tana ta hararata daga bakin ƙofa.

"Wurin kwandon tumatir," ya ce, "yana nan bai goge ba?"

Na ce yana nan, Baba.

"Kuma suna dariya?"

Na ce garin duka, kowace Juma'a, har waɗanda ba a haifa ba sanda aka yi ta.

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya laluba bango ya miƙe tsaye, ya ce wa Gwaggo ta daina tsayuwa a kansa ta zubo masa tuwo, ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Malama, motar Ikara ƙarfe nawa take tashi ranar Alhamis?"