Azumin Murdo a Gindin Wili

Duk garin Falkirk an san Murdo Kinnaird da abu biyu, kwalekwalensa mai koren fenti da tumbinsa. Likita ya yi magana har ya gaji. Matarsa Elspeth ta ɓoye man shanu, ya tono shi. Mutumin nan ba ya tsoron kowa sai Wili, wato ƙaton injin nan mai juyawa da tankunan ruwa biyu, wanda ke ɗaga kwalekwale daga hanyar ruwan ƙasa zuwa ta tudu.

Kowace Asabar shi da Elspeth sukan kai kwalekwalen hanyar ruwan tudu. A shiga tankin ƙasa, a rufe ƙofa, Wili ya juya a hankali, tankin sama ya sauko, nasu ya hau. Tun hawan farko Murdo ya leƙa ƙasa, ya ga irin nisan da ke ƙarƙashinsu. Ya ƙudurta a ransa cewa in ya ƙara ko loma ɗaya, tankinsu zai rinjayi ɗayan, su rikito.

Shi ya sa ranar Asabar ba ƙwai, ba soyayyen nama, ba wake da burodi, sai baƙin shayi. Daren Juma'a ma rabin faranti yake ci. Shekara goma sha ɗaya yana wannan azumi, yana kallon fasinjoji masu taunar biskit kamar masu neman kashe shi.

Rannan wata ma'aikaciyar wurin, Shona, ta miƙa masa burodi da nama.

"Rufa mini asiri, 'yar nan! So kike mu kife?"

Dariya ta kusa jefa ta ruwa. "Haba Baba! Duk abin da ya shiga tankin nan, ruwa daidai nauyinsa ne ke fita kafin a rufe ƙofa. Ko giwa ka haɗiye, Wili bai san kana yi ba."

Ƙwai na shekara goma sha ɗaya suka riƙa gilmawa ta gaban Murdo, wallahi har ƙwalla ya yi. Ya juya wajen matarsa.

"Elspeth, kin ji wannan zalunci?"

Ko ɗagowa ba ta yi daga saƙarta ba. "Na sani tun ranar farko, Maigida. Ga shi can a rubuce a allon sanarwa."

"Kika yi shiru?"

"Likita ya ba ka shekara biyu in ba ka rage ci ba. Wili ya ba ni goma sha ɗaya."

Ya daɗe yana kallon burodin. Sannan ya karɓa, ya raba shi biyu, ya miƙa wa Elspeth babban.