Warin Tazargade a Hannun Inna

Ni ce 'yar fari a gidanmu na unguwar Mafoni a Yerwa, kuma wannan matsayi bai tsinana mini komai ba sai haushi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta ɗaukata, ba ta yi mini wasa. Wai kunya. Ƙannena kuwa ko tari suka yi, ta bar girki ke nan. Na taso ina so in san abu ɗaya: matar nan tana sona ko ba ta sona?

Wata damina, tun jirgin ƙasa bai iso Yerwa ba, zazzaɓi ya kwantar da ni. Ina rawar sanyi a kan tabarma, Inna tana wucewa ta gefena da tsintsiya, ko sannu babu. Wata tsohuwa Babarbariya, maƙwabciyarmu, ita ke shigowa da hantsi da jiƙon tazargade a ƙoƙo. Busasshen ganye ne da fatake ke kawowa daga arewa, ga ɗaci ga wari mai hawa kai. Sai ta toshe mini hanci ta ɗura mini, ta shafe jikina da sauran, tana faɗa da guntuwar Hausarta wai na cika raki. Na riƙa cewa a raina, da ma ita ce ta haife ni.

Ranar da zazzaɓin ya sauka, Inna ta miƙo mini kunu tana kallon bango. Da hannunta ya zo kusa da hancina sai na ji warin nan, har cikin faratanta. Ashe ita ke jiƙawa, ta murje, ta tace, ta miƙa wa tsohuwa ta kan zana.

Na ce, "Inna, hannunki na warin tazargade."

Ta janye hannun, ta ce wa ƙanena, "Gaya wa yarinyar nan ta sha kununta."

Shi ke nan abin da na samu. Na girma, na yi aure, na haihu, na sha tayar da zancen cikin raha, sai ta tambaya ko an ba awaki ruwa. Haushin da nake ji ba ya faɗuwa. Kalma ɗaya nake nema, ta hana ni.

A ciwonta na ƙarshe na jiƙa tazargade da hannuna na kai mata. Ta shinshina, ta kau da kai, ta ce a ba ƙanwata ta miƙo mata.