Tururuwar da Ta Yanke wa Nonona Hukunci

Har yau in na ga tururuwa ta faɗa kofin shayi sai raina ya ɓaci. Mutanen gidana dariya suke yi min. Su yi ta yi, ba su ne suka kusa rasa ɗiya a kan tururuwa ba.

A Rikkos muke haya lokacin, ciki da falo, a gidan da ya tara iyali biyar. Maigidana direba ne a Kuru, sai Juma'a yake dawowa. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare, hutun haihuwata ya ƙare ɗiyata tana wata huɗu. Gwaggona, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, ta zo wankan jego ta zarce da zama don ta riƙa kula da yarinyar. Ba zan yi mata butulci ba, matar nan ta san hannunta. In sanyin Jos ya kama ƙirjin jaririya, ta narka man kaɗanya ta murje ta da shi, ta naɗe ta, sai ka ji numfashi ya daidaita. In ciki ya kumbura, ta kifa ta a cinya ta shafa baya har iska ta fita. Shi ya sa ban taɓa musa mata ba.

Wata Talata na dawo na tarar yarinya tana zawo. Gwaggo ta dubi fuskata, ta dubi ƙirjina.

"Tun safe kike yawo a rana da nono a cike. Ya ɓaci. Miƙo murfin kwanon can ki tatsa."

Na tatsa. Ta fita gindin katanga ta tsinto baƙar tururuwa ta jefa a ciki. In ta fita da ranta, in ji Gwaggo, nono lafiya lau yake. In ta mutu, ya zama guba. Ni, mai koya wa 'ya'yan mutane lissafi, na durƙusa ina kallon ƙwaro yana watsal-watsal, ina roƙon Allah a zuciyata ya fitar da shi. Tururuwa ta zagaya sau biyu ta sandare.

"Kin gani? Kwana uku ba za ta taɓa shi ba."

Ta dafa jiƙon wani sassaƙe da ta taho da shi daga gida, tana ɗura wa yarinya da cokali. Da maɗigarta ta faɗa, ta kwaɓa toka da kanwa ta liƙa a wurin, wai za ta ja ta ta taso.

Ban je makaranta ranar Laraba ba. Yarinyar na ƙyalla ido ta gan ni sai ta buɗe baki tana neman ƙirjina, ni kuma in juya mata baya. Nono ya cika ya yi tauri, yana jiƙa min riga, ina zuwa bayan gida ina tatsar da shi a ƙasa. Abincin ɗiyata nake zubarwa a magudana, tana ɗaki tana kuka. Zuwa safiyar Alhamis kukan ma ya zama ba hawaye. Idanunta suka zurma, zanen da na shimfiɗa mata ko ɗigon fitsari babu tun jiya.

Da hantsi maƙwabciyarmu ta leƙo. Dattijuwa ce 'yar asalin tsaunukan nan, dankalin Turawa take sayarwa a bakin titi, kowa Mama yake ce mata.

"Malama, kwana biyu ban ga kin fita ba. Lafiya?"

Sai idonta ya sauka kan yarinyar. Ta ajiye tirenta, ta ɗan tsunkuli fatar cikinta. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba.

"Yesu! Wannan yarinya yana shan nono kuwa?"

Gwaggo ta yi mata bayanin tururuwa daki-daki, cikin muryar wadda ta san abin da take yi. Mama ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki murfin kwanon nan, ta ɗebi jiƙon Gwaggo ta zuba, ta fita ta tsinto tata tururuwar ta jefa. Mu uku muka sunkuya. Wannan ko zagaye biyun ba ta cika ba.

"To, Hajiya, naki magani ma ya kashe shi. A kawo ruwan randa mu gwada? Tururuwa ba kifi ba ne."

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi. Abin da ɗan aji biyu zai gane, ni ya shige min duhu kwana biyu cur, don kawai babba ce ta faɗa. Na sunkuci ɗiyata na sa mata nono a baki a gaban Gwaggo. Da ƙyar ta kama. Ta ja sau uku ta saki, ƙarfin ja ma babu.

Mama ta tafasa ruwa, ta auna gishiri da sukari da cokalin shayi yadda aka koya musu a wurin awon yara, ta ce in riƙa ɗiga mata a hanya. Ta bar dankalinta a ƙofar ɗakina ta tsayar mana da Keke Napep. A asibiti sai da aka yi ta laluben jijiya kafin a samu wadda za a ƙara mata ruwa. Ma'aikaciyar jinya tana goge tokar nan da auduga ta tambaye ni yaushe rabon yarinya da nono. Na ce shekaranjiya. Ta ce me ya sa? Ta ina zan fara?

Kwananmu uku muka dawo gida da ita a raye. Ina jira in ji me Gwaggo za ta ce, ko da kalma ɗaya ce. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Tururuwar garin nan ce ba ta da ƙwari, sanyi ya gama da ita. Da a gida ne da an ga gaskiya." A kan haka ta tsaya har Allah ya karɓi ranta.

Na daɗe ina jin haushinta, sai dai ita abin da aka yi mata ta yi, kuma ta yarda da shi har zuciya. Ni fa? Tun daren farko jikina yake gaya min ƙarya ne, rigata ma tana gaya min. Yanzu yarinyar ta kusa gama sakandare, ta fi ni tsawo, kuma tana cikin masu yi min dariyar kofin shayi. Ta san labarin tururuwa da na Mama mai dankali. Abin da ban taɓa iya gaya mata ba shi ne ta miƙo min hannu tana jin yunwa, ni uwarta na juya mata baya.