Zangon Baba da Abin da Ya Haifa

Shekarar da fara ta sauka mana ana gab da girbi, ita ce shekarar da muka cinye irin shuka. A ƙauyenmu na yankin Gangara har yau da ita ake lissafi: wane an haife shi kafin fara, wance an kai ta ɗaki bayan fara. Ni kuwa da ita nake lissafin hatsin mahaifina.

A wajenmu hatsi dangi-dangi ne, kamar mutane. Akwai zango mai doguwar zangarniya, akwai ankutes gajere mai ƙiba, akwai maiwa da ba ta nuna sai kowa ya gama. Akwai kuma shibra, wadda ba mai shuka ta, ita ke fitowa da kanta ta zubar da ƙwayarta ƙasa tun ba a zo yanka ba. Zangon ma gida-gida ne. Na Baba an san shi. In ka ɗora zangarniyarsa a kafaɗa sai ta wuce yatsunka, karansa kauri gare shi, furarsa fara tas. Aibinsa ɗaya, jinkiri. Yana son damina mai tsawo. Kowace kaka Baba da kansa yake zaɓar na iri, ya ɗaure damin daban, ya sa shi can ƙuryar rumbu, ba mai taɓawa. Da ya rasu na ci gaba da yin yadda na ga yana yi.

Amma bazarar bayan fara ba ta bar wa kowa dami ba. Sai da muka sauke na irin, matata ta sussuke shi, muka yi kunu.

Da ruwan shuka ya sauka, na samo iri a kasuwar Gangara, wanda mai sayarwar ma bai san sunansa ba. Ina shirin fita gona sai Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ta kira ni ɗakinta. Ta nuna mini jinka, daidai saman murhunta. Na sa hannu na zaro zangarniya uku, hayaƙi ya mai da su baƙaƙe ƙirin.

Na ce, "Gwaggo, duk yunwar nan da muka sha, ashe kina da wannan?"

Ta ce, "Uku ne, ɗan nan. Da na ba ku, wa za su ƙosar? Je ka shuka, kada ka haɗa shi da tarkacen kasuwarka."

Na kai shi gefen gabas na gonar, nesa da na kasuwa, inda shanu suka kwana da rani ƙasar ta sha taki. Shanun na wani Bafillace ne, abokina, wanda ya daɗe yana sauka a gonarmu tun Baba na da rai. Yana da ɗan fili da ya yi iyaka da namu ta wannan gefen. Hatsinsa daga arewa danginsa suka kawo masa, gajere ne, mai gashi a jikin zangarniya, mai saurin nuna. Da tare muka shuka, da nasa ya gama bununi kafin nawa ya fitar da kai. To, shi sai da ya raka shanu ya dawo sannan ya shuka. Haka hatsin biyu suka yi bununi lokaci guda, iskar gabas tana kaɗawa daga nasa zuwa nawa. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Kakar farko zangon ya fito sak na Baba. Gwaggo ta riƙe zangarniya ɗaya tana shafawa kamar kan jariri. Na ɗaure damin iri, na ce alhamdu lillahi, an tsira.

Damina ta biyu ce ta tona abin. Daga dami guda sai ga hatsi iri-iri a kunya ɗaya. Wani dogo kamar uwarsa, wani tsaka-tsaki, wasu kuma da gashi. Na yanko guda huɗu na kawo wa Gwaggo, na jera mata a tabarma. Ta ɗauki kowanne ta juya, ta murza ƙwaya, ta sa a baki.

Ta ce, "Wannan ɗan gidan ne. Wannan ma da dama. Waɗannan biyu kuwa, ka tambayi abokinka mai shanu."

Da na je masa da su, dariya ya yi har sandarsa ta faɗi.

Ya ce, "Kaɗo, ashe mun zama surukai ba ka gaya mini ba? Ina goron?"

Na ce, "Goron me? Hatsinka ya tsallako iyaka ya ɓata mini zuriya. Da saniya ce da mun je gaban mai gari."

Ya ce, "To kai ƙarar iska. In an kama ta ni ma ina da magana da ita, ta yaye mini bukka bara."

Na yi dariya, amma abin ba wasa ba ne a wajena. Hatsin nan shi kaɗai ne abin da Baba ya bari wanda ke da rai. Gona ƙasa ce, hauya ƙarfe ce, amma iri kowace shekara sai ya sake tashi. Na ƙudura sai na dawo da shi yadda yake. Kowace kaka in bi gona kara-kara, in zaɓi mafi tsawo marasa gashi, in ɗaure su daban. Masu gashi da gajeru su tafi turmi. Na mai da shukar gefen yamma. Duk da haka kowace damina sai gashin ya sake ɓullowa, kamar kamannin kaka a fuskar jika. Dogayen ma ba su kai na da ba. In na kai wa Gwaggo sai ta auna da hannunta ta ce, "Ya kusa." Ba ta taɓa cewa shi ne ba.

A cikin waɗannan shekaru ne aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a garinmu, da rani, ƙarƙashin rumfar lakol, wato makarantar boko, bayan yara sun tashi. Na shiga ina da furfura a gemu. Malaminmu saurayi ne daga Agiye, muna ce masa mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Wata rana ya ce kowa ya faɗi sunayen hatsin da ya sani, mu koyi rubuta su a allo. Nan gardama ta tashi a kan nawa. Wani maƙwabcina ya ce a rubuta shi cikin zango, tunda daga zangarniyar zango ya fito, hatsi uwa yake bi. Limamin unguwarmu ya ce ina aka taɓa kiran ɗa da sunan uwa, ai na Bafillace ne. Wani daga baya ya ce a sa shi layin shibra a huta. Aka yi ta dariya, ni ina zaune da alli a hannu.

Mushe ya bari aka lafa, sannan ya ce ba mu kaɗai ke da wannan rigimar ba. Ya ce akwai wani fure a ƙasashe masu ruwa, ana kiransa orkide, danginsa suna da yawa ƙwarai, masu kiwonsa kuma da gangan suke haɗa wannan da wancan. In sun haɗa, sai su rubuta sunan wadda ta ɗauki ƙwayar tukuna, sannan sunan wanda ya ba da bununi. Abin da aka haifa kuwa ba a tilasta masa sunan ko ɗaya, sabon suna ake ba shi nasa na kansa.

Liman ya ce, "Mushe, furen nan ana tuwo da shi?"

Ya ce, "A'a, Malam, kallo ake yi."

"To, Allah ya ba su aikin yi."

Maganar ta wuce a wajen kowa, ni dai ta zauna mini. Ban taɓa tunanin abin da ke gonata wani abu ne na kansa ba. Zango nake gani wanda ya lalace.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya makara, ya kuma ɗauke da wuri. Dogayen da na sha wahalar zaɓa suka tsaya da kai a sama, ƙwaya ba ta cika ba, suna jiran ruwan da bai zo ba. Waɗanda nake raina kuwa, tsaka-tsakin nan masu gashi, sun riga sun nuna. Da tsuntsaye suka taso daga fadama, gonakin maƙwabta suka sha tsattsaga, masu gashin nan tsuntsu ya kasa zama a kansu. Abin da muka ci a shekarar kusan duk daga cikinsu ya fito.

Ranar zaɓen iri na daɗe a tsaye tsakiyar gona. Akwai ’yan dogaye da suka yi ƙwaya a wani kwari, za su isa ɗan ƙaramin dami. Na san in na shuka biyun tare haka za su yi ta cakuɗa, ba zango ba sabo. Gonata kuma ɗaya ce. Na koma gida na sami Gwaggo tana kaɗi a inuwa. Lokacin idonta ya fara rauni. Na sa mata dogo a hannun dama, mai gashi a hagu.

Na ce, "Gwaggo, ɗaya za a ɗauka."

Ta shafa su duka biyu. Gashin ya soke ta, ta ce, "Kai, wannan da faɗa yake." Can ta ce, "Kana tsammani zangon nan daga sama ya faɗo wa ubanka? Kakanka ne ya zo da shi daga kudu, a ƙullin rawani. Lokacin ana ruwa har a gaji. Ubanka cikin gidansa yake dubawa in zai zaɓi iri, ba kabarin ubansa ba." Ta miƙo mini na hagun.

Tun daga ranar na juya zaɓe. Ina neman mai gashi, mai saurin nuna, wanda kuma ya ɗauko cikar ƙwayar uwarsa. A hankali gonar ta daidaita, har ya zama in ka tsaya a bakin kunya kawunan kusan tsawo ɗaya. Na so in raɗa masa suna da zai tuna da Baba. Har na gwada rubuta biyu-uku a ƙasa da tsinke. Gwaggo ta hana. Ta ce iri ba mai shi ke sa masa suna ba, masu zuwa roƙo ke sawa, in ba a zo roƙo ba kuwa bai isa suna ba.

An zo. Maƙwabcin nan da ya ce hatsi uwa yake bi shi ya fara, ya ce in sam masa wannan nawa da ba ya jiran ruwa. Daga nan mata suka ɗauka a bakin rijiya, suka taƙaita shi. Bana wani mutum ya sauka daga mota ranar kasuwa, ya ce daga wajen Gidan Rumji yake, surukinsa na Gazawa ya kwatanta masa gidana, yana neman Ba-jira. Na ba shi zangarniya, ban ba shi sussukakke ba, don ya ga kamanninsa ya san abin da zai zaɓa. Abokina Bafillace yana wurin, ya ce wa baƙon, "Ka riƙe shi da kyau, jikana ne."

Zangon Baba dai ya tafi, babu shi a rumbuna, ban kuma san rumbun da yake ba. Abin da na rasa ke nan: zangarniya ta ragu da taƙi ɗaya da rabi, kara ya sirance har sai na haɗa da na dawa in zan yi darni, fura ta bar fari ta koma ruwan toka, sai damina biyar da na yi ina neman abin da ba zai dawo ba.