Kaset Ɗin da Aka Wanke

Ba zan yi wa mutumin nan ƙarya ba don ina jin haushinsa: kaset ɗin ya yi daɗi. Har yau idan na shiga motar zuwa Illo, direba ya saka shi, sai in ji ƙafata tana motsi ba da izinina ba, in ɗora mata jaka in danne. Daɗin nasa ma shi ya fi ƙona mini rai. Da ya fito da muni da tuni na zage shi na huta.

Mai Jita muke ce masa. Ɗan wajen Illo ne, ya tafi Kwatano yana saurayi, ya dawo da jita mai amfani da lantarki da suma buzu-buzu da wando mai faɗin ƙafa. Dattawa suka ce yaro ya tafi lafiya ya dawo da taɓin hankali. Bai kula su ba. Ya haɗa jitarsa da kalangu da kiɗan ƙwarya, ya riƙa waƙa da Hausarmu yana tsarma yaren Dandanci, kafin a ankara babu bikin da ake yi daga Bagudo har hayin gulbi ba a kira shi ba. Babana shi ne sanƙiransa. Sanƙira ba ya kiɗa, ba ya waƙa. Tsayawa yake gefe, idan mawaƙi ya dakata ya ja numfashi sai ya jefa murya, ya gai da wane, ya faɗi wanda ya iso, ya zuga makaɗa. Da damina Baba manomin shinkafa ne a fadama, da rani kuwa maƙogwaronsa ne gonarsa.

Ina 'yar ƙarama suka tsallaka Kwatano aka ɗauki kiɗansu aka yi faifai. Mu ba mu da garmaho, saboda haka Baba ya sa aka juye masa a kaset tun a can inda aka ɗauka, ya dawo da shi a aljihun gaba yana dafawa kamar laya.

A gefe na biyu akwai wata doguwar waƙa. A tsakiyarta Mai Jita yakan yi shiru ya bar kiɗa yana tafiya, sai Baba ya shigo. Ya gai da masunta, ya gai da masu jirgin fito, ya gai da mahautan Illo ɗaya bayan ɗaya, ya gai da 'yan Sakkwato duka, don a lokacin duk 'yan Sakkwato muke. Daga nan sai muryarsa ta sauka, ya ce, "A gaishe min da mai tuwon shinkahwa ta gidan bakin gulbi, wadda ba ta barin baƙo shi kwan da yunwa." Innata yake nufi. Mutumin da a gida ban taɓa jin ya yaba mata ko da miya ba, wanda iyakar kiransa gare ta shi ne "ke", ya je ƙasar wasu ya faɗi wannan a gaban inji.

Inna kuwa duk lokacin da aka zo wurin sai ta miƙe, wai za ta duba tukunya, ko da babu wuta a murhu. Tana tafiya tana cewa, "Tsohon banza, ba shi da kunya." Mu kuma mu yi ta dariya.

Bayan Baba ya rasu Inna ta fita takaba, kaset ya bar kan tebur ya koma ƙasan kwalla, a naɗe cikin kallabin aurenta. Ba ta cika fito da shi ba. Sai an yi girbi, ko bayan Sallah idan baƙi sun watse, za ta aike ni sayen batir ta ce tana son jin labarai. Ba labaran da take ji. Takan saka kaset ta juya wa rikoda baya ta hau tsince shinkafa a tire. Akwai wani mutumin kudu mai shagon kaset a bakin tashar Bagudo, mutumin kirki, ya jima a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya sha cewa in kawo ya juye mana a wani don kada ya lalace. Inna ta ƙi, don injinsa ya taɓa tauna kaset ɗin bikin wata maƙwabciyarmu, ita kuwa ba ta manta irin wannan.

Ana nan aka yanke Kebbi daga Sakkwato. A lokacin na fara koyarwa a firamare. Gari ya ɗauki murna, kowa ya zama ɗan Kabi na asali, har waɗanda jiya suke cika baki da Sakkwato. Sabuwar jiha tana son kayanta: tutarta, kalandarta, mawaƙanta. Sai aka tuna da Mai Jita, wanda a lokacin ya tsufa, ya aske suma, ya je Makka, yana zaune a Illo ba mai kiransa ko suna. Wani ɗan kasuwa ya ce zai ɗauki nauyin a sake fito da tsohon faifan nan. Da aka bincika, na wurin ɗauka ya ɓata, na hannun Mai Jita kuma duk ya kakkarce. Sai ya tuna da kaset ɗin Baba, wanda ya fi na kasuwa tsabta tunda a wurin ɗauka aka juye shi.

Ya zo mana da la'asar, ina gida. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida don shi ba baƙo ba ne, aka kawo fura, aka gaisa aka yi wa mamaci addu'a. Sannan ya gyara zama.

"Uwar yara, wata bukata ta kawo ni. Kaset ɗin nan da marigayi yaz zo da shi daga Kwatano, ko shina nan?"

Inna ta ce, "Wa ya sani, Alhaji? Ƙila shina cikin tarkace."

"In an samu, so nikai a kai shi a wanke. Akwai inji yanzu da ka hidda ƙura da shuu ɗin nan duka. A maido miki da sabo, ki ji awa jiya anka ɗauka."

Na ce, "Baba Alhaji, a bari a juye shi nan Bagudo tukuna, sai a ba ka."

Inna ta watsa mini harara. "Ke, yaushe kinka hwara sa baki cikin maganar manya?" Ta tashi ta shiga ɗaki. Tarkacen da ta ce ba ta san inda yake ba, ko minti ba ta yi ba ta fito da shi. Ta kwance kallabin a gabansa, ƙamshin turaren wuta ya tashi, ta miƙa masa da hannu biyu. "Ɗauka, Alhaji. Mi za ni yi da shi? Ni ba saurare nikai ba. Yara ka damuna da shi."

A nan ne nake riƙe da shi har gobe. Mace irin Inna ba za ta buɗe baki a gaban abokin mijinta ta ce muryar mijina ce a ciki, ita kaɗai ta rage mini, ba. Ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba tsawon aurensu. Dole ta ce ba ta damu ba, haka aka rene ta. Shi kuma aikinsa ne ya ƙi yarda. Kowane yaro a ƙasar nan ya san idan babba ya ce "ɗauka, ba na so" yana kau da ido, mayar masa ake yi, a nemi wata dabara. Ya ga kallabin, ya ji turaren, ya ga hannunta. Ya ce madalla, ya zura a aljihu, ya shanye furarsa.

Rani ya wuce ba labari. Inna ba ta tambaya ba ko sau ɗaya, amma duk ƙarar babur da ta tsaya a ƙofar gida sai ta sami dalilin leƙa zaure.

Farkon damina na fara jin sabon kaset ɗin, a shagon mutumin kudun nan. Na taso daga makaranta sai na ji kiɗa daga babbar lasifikarsa, na tsaya cak a tsakiyar hanya har mai kura ya yi mini tsawa. Ban taɓa sanin haka kiɗan yake ba. A tsohon kaset komai a cakuɗe yake, kamar ana kiɗa a ɗaki kai kana waje. A wannan kuwa kowane abu ya tsaya a wurinsa. Ina jin yatsan Mai Jita yana zamewa a kan tsirkiya kafin sautin ya fito. Ashe kalangu biyu ne, ƙarami yana amsa wa babba, ni duk rayuwata na ɗauka ɗaya ne. Ashe akwai wata mata a cikin 'yan amshi mai siririyar murya da take ɗan jinkiri bayan sauran, jinkirin nan kuma shi ne gishirin amshin. Muryar Mai Jita ta ƙuruciya ta fito da ɗan kaushinta, har numfashinsa ana ji. Na tsaya ina hawaye a bakin tasha, don na ce a raina idan numfashi ya fito haka, to Baba zai fito kamar yana tsaye a tsakar gida. Ban jira gefe na biyu ba, na ce wannan da Inna zan ji shi.

Da na isa gida na tarar an aiko mana da namu. Bango mai launi, hoton Mai Jita da hula da jita, a bayansa taswirar sabuwar jiha. Na sa sabon batir. Inna ta ɗauko tirenta ta juya baya.

Doguwar waƙar ta zo. Mai Jita ya kai inda yake yin shiru. Inna ta ajiye tire ta dafa gwiwa ta fara miƙewa kamar kullum. Sai jita ta ɗauka, wani sabon salo mai kyau, ya hau ya sauka ya zagayo, kalangu yana bin sa. Babu masunta, babu masu jirgi, babu mahauta. Jitar ta gama, waƙa ta ci gaba. Inna tana nan a rabin tashi, hannu a gwiwa. Ta jima a haka kafin ta koma ta zauna.

"Juya shi," ta ce. "Ƙila sun mai da shi wancan gehe."

Na juya. Muka saurara daga farko har ƙarshe. Duk inda Baba ya taɓa buɗe baki an yanke an cike da jita.

Washegari na hau mota zuwa Illo. Na same shi a ƙofar gida, samari sun kewaye shi, ya zama ɗan gata kuma. Na gaishe shi yadda ya kamata, don ba zan bari a ce ɗiyar wane ba ta da tarbiyya ba. Sannan na tambaye shi ina Baba.

Ya ce, "Ɗiyata, yaran Kwatano sunka ce ihun nan shina ɓata kiɗi. Kuma duba, mutanen da yag gaisar duk sun mace, wa ya san su? Ga batun Sakkwato. Yanzu mu 'yan Kabi muke, ba shi yiwuwa a saka kaset na jiha ana gai da Sakkwato."

"To ina tsohon?"

"Shina can wurinsu. Sun yayyanka zaren wurin aiki. Wa ka aje tsohon kaset?" Ya dube ni kamar ni ce mai rigima. "Ai uwarki da bakinta tac ce ba ta saurare."

Na ce, "Baba Alhaji, tun kahin a haihe ni kake cin tuwon gidanmu. Yau kai ka buƙatar a yi maka hwassarar maganar Inna?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murɗa kunnen jitarsa. Daga ranar har ya koma ga Allah bai sake taka gidanmu ba.

Na bi kasuwanni ina neman tsohon. Mutumin kudu yana da guda, wanda ake juye wa masu saye daga gare shi, amma ranar da sabo ya zo ya shafe shi ya ɗora sabon a kai, don ya ce ba wanda zai ƙara sayen mai shuu. Da na gaya masa abin da ke ciki ya riƙe kai da hannu biyu. Ya tambayar mini abokan sana'arsa a Illo da Lolo har da na hayin iyaka. Duk abu ɗaya suka yi, haka ma mutanen gari masu rikoda. Ba mugunta ba ce, kowa mai kyau yake so. A damina ɗaya aka share muryar Baba daga ƙasar nan kaf, kowa da hannunsa, ana murna.

Inna ba ta taɓa kuka da kowa ba. Idan na fara zage-zage sai ta ce, "Ki bari. Muryar Alhaji ta hito da kyau." Ta naɗe sabon a cikin kallabin, ta mayar ƙasan kwalla. Bayan girbi ta aike ni sayen batir. Da aka zo wurin jitar ta tashi ta nufi madafa. Ran nan na bi ta a hankali, na tsaya a bayan zana. Tana tsugune gaban murhu mai sanyi, tana gai da masunta da masu jirgi da mahauta ɗaya bayan ɗaya, ƙasa-ƙasa, da irin hawa da saukar muryarsa. Da ta zo kan mai tuwon shinkafa ta yi shiru, don wannan ba za ta iya faɗa wa kanta ba. Ta jira daidai tsawonsa, sannan ta ce, "Tsohon banza."

Ita ma ta rasu yanzu. Kalmomin ina da su, amma muryar ta tafi. Nakan rufe ido in nema, sai in ji ta Inna tana kwaikwayonsa, ita ma ta fara dusashewa.

Kwanakin baya a motar zuwa Illo, direba ya saka kaset ɗin, yaro ne da ba a haifa ba lokacin da aka yi jihar. Ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Hajiya, kin ji aikin mutanen da? Tas, ba hayaniya." Na ce masa ƙwarai, tas yake. Sai jitar nan ta ɗauka, ta hau ta sauka. Na ji hannuna ya dafa gwiwa zan tashi in duba tukunya, ga mu a tsakiyar hanya, mota cike, babu inda zan tashi in je.